Alamomin Jikin Kare da Nauyin da Suke Ɗora wa Mai Gani

Duk lokacin da aka ɗauko zancen kare a majalisun ilimi na birnin Bauchi, ko a zauren malami ko a da'irar karatun bayan Magariba, tambayoyi biyu ne suka saba mamaye zancen, wato ko yawunsa najasa ne, da kuma ko ya halatta a ajiye shi a gida. Tambayoyi ne masu tushe, malamai kuma sun amsa su tun da daɗewa, sai dai akwai ta uku wadda ba a cika tsayawa a kanta ba, alhali ita ce ta fi shafar mu'amalar yau da kullum: shin abin da kare yake nunawa da kunnuwansa da wutsiyarsa da tsayuwarsa bayani ne da yake ɗora wa wanda ya gani wani nauyi, ko kuwa motsin jiki ne kawai da mutum yake da damar ya kau da kai daga gare shi? Tambayar ta taɓa fiƙihu, ta taɓa falsafar sanin abin da ke cikin zuciyar wani, ta kuma taɓa lafiyar yaran da suke wasa a lungunan Jahun da Kobi da Yelwa.

Kare a Bauchi ba matsayi ɗaya yake da shi ba. Akwai karnukan mafarauta, waɗanda ake fita da su daji da rani bayan an kawar da amfanin gona, akwai na Fulani da suke bin garke a rugagen da ke kewaye da gari, akwai na gadi a gidajen GRA da Fadaman Mada, cikinsu har da manyan irin ƙasashen waje da ake saya da tsada, akwai kuma masu yawo tsakanin juji da mahauta, waɗanda galibinsu suna da gidan da suke komawa ko da ba a kula da su. Wasu kuma suna ƙarewa a kejin fatake da suke kai su kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato, wadda ta yi suna a cinikin karnuka. A Turai da Amurka akwai gidajen da aka keɓe domin tara karnukan da suka ɓata ko aka yasar, a ciyar da su har a sami mai ɗauka, irin gidan Battersea na Landan da Mary Tealby ta kafa a 1860, kuma a irin waɗannan gidaje ne ilimin karanta alamomin kare ya zama sana'a, domin ma'aikaci yana karɓar dabbar da bai san tarihinta ba, dole ya gane halinta daga jikinta kaɗai. Abin da ya fi kusa da wannan a Bauchi shi ne kejin bayan gida, da sarƙar da aka ɗaure a gindin bishiya, da teburin asibitin dabbobi, wuraren da kare yake a tsare, ba shi da hanyar gudu, sai dai ya nuna.

Mazhabar Malikiyya, wadda ita ce tushen karatun zaure a ƙasar Bauchi tun zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, tana da matsayi a kan kare da yakan ba wasu mamaki. Ɗalibin da ya karanta Iziyya ko Muhtasar na Shaihu Halil ya san cewa a wannan mazhaba duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da yawunsa, kuma kare bai fita daga wannan hukunci ba. Umarnin wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya yi lallagi a cikinta, Malikawa sun ɗauke shi a matsayin ta'abbudi, ma'ana hukuncin da ake bi don biyayya ba don an gano najasa ba, yayin da Shafi'awa da Hambalawa suka fahimce shi a matsayin dalilin najasa mai kauri. Game da ajiyewa kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ta taƙaita halaccin ga tsaron shuka da rakiyar dabbobi da farautar neman abinci, bisa hadisin da ya yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye kare ba don ɗaya daga cikin waɗannan ba. Masu sharhin littafin sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi a zamanin tsoro, da aka tuna masa matsayin Imamu Malik sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin wannan zamani da abin da zai ajiye ya fi kare ban tsoro, kuma a kan irin wannan fahimta ne malamai da dama suka halatta karen gadi. Sai dai duk wannan saɓani, na tsarki da na ajiyewa, bai taɓa tambaya ta uku ba, domin karanta alama aikin ido ne, ba ya buƙatar taɓawa balle mallaka. Wanda ya riƙi ra'ayin najasa da wanda ya riƙi na tsarki daidai suke a gaban karen da ke kwance a rana yana haki.

Hujja mafi ƙarfi a wannan babi ita ce hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim ma suka ruwaito daga Abu Huraira, game da matafiyin da ƙishirwa ta kama, ya sauka rijiya ya sha, da ya fito ya tarar da kare ya zaro harshe yana haki yana lasar danshin ƙasa. Yawancin masu wa'azi sukan yi saurin kaiwa ga ƙarshen labarin, inda mutumin ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da karen Allah ya gafarta masa, amma tsakiyar labarin ta cancanci a dakata a kanta. Karen bai roƙi komai ba, kuma ba na mutumin ba ne. Abin da ya faru shi ne mutumin ya ga alamu biyu a tare, haki da lasar ƙasa, sannan ya yi ƙiyasi, wato ya auna halin da ba ya iya gani da halin da ya sani, ya ce a ransa abin da ya same shi ɗazu shi ne ya sami wannan dabba. Da haki kaɗai ya gani da hujjarsa ba ta cika ba, tunda kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa, kuma yana yinsa ko don zafi ko gajiya ko tsoro ko zumuɗi. Aya ta 176 a Suratul A'araf ma ta buga misali da wannan ɗabi'a tasa ta yin haki ko an kore shi ko an ƙyale shi. Lasar danshin ƙasa ce ta fayyace ma'anar hakin. Ke nan aikin da aka saka wa da gafara ya fara ne da lura mai kyau, kuma wanda ya wuce bai duba ba ba zai taɓa kaiwa ga matakin jinƙai ba. Akwai kuma hadisin Abu Dawud na raƙumin wani Ba'ansare da ya yi kuka idanunsa suka zubar da hawaye da ganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya shafa bayan kunnuwansa har ya natsu, sannan ya tuhumi mai shi da barinsa da yunwa da wahalar da shi. A nan an kira abin da dabbar ta yi kai ƙara, an kuma ɗora wa mai ita laifi a kan halin da ya kamata a ce shi ne ya fara gani.

Masana falsafa sun daɗe suna jayayya kan ko ya dace a kira irin wannan abu bayani. Aljahiz na Basra, marubucin ƙarni na 9 wanda ya cika wani babban sashe na littafinsa kan dabbobi da muhawara tsakanin mai goyon bayan kare da mai goyon bayan zakara, ya kasa hanyoyin bayyana ma'ana gida 5: furuci, da nuni, da ƙidaya da yatsu, da rubutu, da kuma halin da abu yake ciki wanda yake nuna ma'ana ba tare da lafazi ba. A wannan rabe-rabe kare yana da rabo a gida biyu, nuni da hali, saboda haka rashin furucinsa bai fitar da shi daga masu bayani ba. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya tabbatar wa dabbobi wani ƙarfi na ciki da ya kira wahami, wanda da shi tunkiya take riskar ƙiyayya a jikin kyarkeci, alhali ƙiyayya ba launi ba ce da ido zai gani, ba kuma sauti ba ce. René Descartes na Faransa ya bi wata hanya dabam a 1637, inda ya ɗauki rashin magana a matsayin shaidar rashin hankali, ya siffanta dabba da na'ura mai motsi, ra'ayin da idan aka bi shi zuwa ƙarshensa kukan karen da aka doka ba ya nuna wani zafi da ake ji. Wannan matsayi yana da wahalar karɓuwa ga mai karanta aya ta 38 a Suratul An'am, wadda ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi irin na mutane, yana kuma da wahalar karɓuwa ga duk mafaraucin da ya taɓa cire wa karensa ƙaya. A 1872 Charles Darwin ya wallafa littafi kan yadda mutum da dabba suke bayyana abin da suke ji, ya lura cewa karen da ke shirin faɗa yana miƙewa ya sandare, ya ɗaga wutsiya, gashin bayansa ya tashi, yayin da wanda ya gane ubangidansa yake yin kishiyar wannan ɗaya bayan ɗaya, ya sassauta jiki, ya sunkuya, ya kwantar da kunnuwa. Ko mutum ya yarda da sauran ra'ayoyin Darwin ko bai yarda ba, wannan lura tasa kowa yana iya gwada ta a ƙofar gidansa.

Abin da likitocin dabbobi da masu horar da karnuka suka tara daga baya ya ƙara wa wannan bayani dalla-dalla, kuma ya rushe wasu abubuwan da jama'a suka ɗauka tabbas ne. Kaɗa wutsiya, alal misali, ba kullum yake nufin murna ba. Yana nuna cewa hankalin kare ya tashi zuwa ga wani abu, sai an dubi tsayin wutsiyar da saurinta da sauran jiki kafin a san inda aka dosa. Wutsiyar da ke lilo da faɗi har ƙugu yana bin ta daban take da wadda aka ɗaga sama ƙiƙam tana ɗan karkarwa, domin ta biyun sau da yawa ita ce take gabatar cizo. A 2007 wasu masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Vallortigara, sun nuna cewa wutsiyar kare takan fi karkata dama idan ya ga mai shi, ta fi karkata hagu idan ya ga baƙon kare mai ban tsoro. Wata likitar dabbobi ta Ingila, Kendal Shepherd, ta tsara alamomin damuwa hawa-hawa kamar tsani: a ƙasa akwai hamma ba tare da barci ba, da lasar hanci, da ƙifta ido, sai kau da kai, da juya jiki, da ɗaga ƙafar gaba ɗaya, da ƙoƙarin barin wurin, sai noƙewa da kwantar da kunnuwa da cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, sai sandarewa da ƙura ido, sannan gurnani, da kai cafka a iska, daga ƙarshe cizo. Ma'anar wannan tsari ita ce yawancin cizon da ake cewa ya zo ba zato ya biyo bayan gargaɗi da yawa da ba a karanta ba. Akwai kuma wani sakamako mai nauyi ga masu horo: wanda yake dukan kare duk lokacin da ya yi gurnani bai cire masa tsoron da ya jawo gurnanin ba, ya dai koya masa ya daina sanarwa, sai ya wayi gari da dabbar da take tsallake matakan tsakiya ta tafi kai tsaye ga haƙori. Al'adar da wasu masu karen gadi suke bi, ta tsare shi a keji wuni guda cikin zafin watan Afrilu da nufin ya yi zafin rai da dare, tana samar da irin wannan dabba, wadda ba ta bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci.

Shari'a ba baƙuwa ba ce ga batun horo. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarrun dabbobin farauta suka kamo, ta kuma danganta ilimin da mafarauci yake koya musu ga abin da Allah ya sanar da shi, abin da ya sa malaman tafsiri suka ga wata daraja ta ilimi a nan, tunda kamun horarren kare halal ne, na wanda ba a horar ba kuwa ba ya halatta sai an riske shi da rai an yanka. Daga nan fuƙaha'u suka shiga aikin fayyace yadda ake gane horarre, kuma duk ma'aunansu na ɗabi'ar da ake gani ne: idan an cuna shi ya tafi, idan an tsawatar ya tsaya. Hanafawa da Shafi'awa sun ƙara sharaɗin kada ya ci daga abin da ya kama, bisa hadisin Adiyyu ɗan Hatim, inda aka hana cin naman idan karen ya ci saboda tsoron kada ya zama don kansa ya kama, yayin da mashhurin ra'ayin Malikiyya bai sanya wannan sharaɗi ba. Abin lura shi ne hadisin yana magana a kan wa kare ya yi wa kamun, kansa ko ubangidansa, wato yana jingina masa wata manufa, yana kuma karanta manufar daga aikinsa. Mafarautan ƙasar Bauchi suna aiki da wannan ilimi ko ba su karanta shi a littafi ba, domin mai karnuka yana gane bambancin haushin da ke nuna an tayar da zomo da wanda ke nuna an ci karo da abin da ya fi ƙarfinsu, yana kuma sanin wanda ya gaji tun kafin ya kwanta. Karin maganar da ta ce ba a kiwon kare ranar farauta tana nufin abinci, amma ta fi dacewa da wannan sanayya da ba ta samuwa sai da daɗewar zama tare.

Karatun kuma ta fuska biyu yake tafiya, kare ma yana karanta mutum, sau da yawa fiye da yadda mutum yake karanta shi. A 1907 Oskar Pfungst ya wallafa binciken da ya nuna cewa wani doki a Berlin mai suna Hans, wanda aka yi ta yayata cewa ya iya lissafi, yana bin ƙananan motsin kai da fuskar mai tambaya ne, waɗanda shi mai tambayar bai san yana yi ba. A 2011 Lisa Lit da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun gwada karnuka 18 masu shinshino ƙwaya da abubuwan fashewa tare da masu riƙe da su, a wurin da ba a ajiye ƙwaya ko abin fashewa ba, amma aka sa masu riƙon suka zaci an ɓoye wani abu a wuraren da aka yi wa alama. An sami sanarwar ƙarya sama da 200, kuma sun fi yawa a inda mutanen suke zato. Darasin da ke nan ga mai neman gaskiya shi ne abin da yake gani a jikin kare wani lokaci amsa ce ga abin da nasa jikin ya faɗa.

Wannan ya kai ga kuskure na biyu, kishiyar na Descartes, wato mutum ya dubi kare ya ga kansa. Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, kuma maganar gaskiya ce tsakanin mutum da mutum, amma fuskar kare ba da ƙa'idar fuskar mutum take aiki ba. Yaro ƙarami yakan ga kare ya yage baki haƙora a waje ya ɗauka dariya ce. Babba kuma yakan dawo ya tarar an ci naman da ya ajiye, ya ga kare ya sunkuyar da kai yana kallonsa ta gefen ido, ya yanke cewa karen ya san laifinsa. A 2009 Alexandra Horowitz ta Kwalejin Barnard a New York ta gwada wannan da karnuka 14, inda aka riƙa gaya wa masu su cewa karen ya ci abin da aka hana shi ko bai ci ba, wani lokaci a faɗa musu akasin abin da ya faru. Sakamakon ya nuna cewa wannan kama ta mai laifi tana bin faɗan da aka yi wa kare ne, ba ta bin ko ya aikata, har ma waɗanda ba su ci komai ba aka yi musu faɗa sun fi nuna ta. Abin da ake ɗauka iƙirari ne ashe roƙon sassauci ne. Binciken bai tabbatar da cewa kare ba ya jin wani abu mai kama da nadama ba, ya dai nuna cewa wannan alama ba hujjarta ba ce, kuma wanda ya doki kare saboda ita ya hukunta tsoro ne da sunan laifi. Matafiyin hadisi ya tsira daga wannan kuskure domin ƙiyasinsa ya tsaya a inda shi da karen suka yi tarayya da gaske, wato ƙishirwa, bai jingina masa kunya ko makirci ko cin amana ba, abubuwan da suke buƙatar sanin doka da niyyar saɓa mata, alhali dabba ba mukallafi ba ce, ma'ana ba a ɗora mata umarni da hani ba.

Gidajen tara karnuka na Turai da Amurka sun nuna yadda waɗannan kurakurai suke zama hukuncin rai da mutuwa. Wani bincike da Bridget Waller ta jagoranta a Ingila a 2013 ya gano cewa karnukan da suka fi yawan ɗaga gefen girarsu na ciki, motsin da ke sa ido ya yi girma kamar na mai baƙin ciki, sun fi saurin samun mai ɗauka, kuma a 2019 Juliane Kaminski da abokan aikinta suka nuna cewa tsokar da ke yin wannan motsi ta bunƙasa a kare amma ƙalilan ce a kyarkeci. Tausayin mutum ke nan yana bin fuskar da ta yi kama da tasa, ko da wanda ya fi buƙatar taimako shi ne wanda ya maƙale a lungun keji ya juya baya. A ɗaya ɓangaren, gidaje da yawa sun saba yi wa sabon kare gwajin hali, a taɓa abincinsa da hannun roba ko a nuna masa 'yar tsana, wanda ya kai cizo a rubuta shi cikin masu haɗari, sau da yawa a kashe shi. A 2016 Gary Patronek da Janis Bradley sun yi lissafin da ya nuna cewa irin wannan gwaji, idan aka yi shi ga dabbar da ke cikin firgicin sabon wuri, hasashensa bai fi na jefa kwabo ba da wani abin kirki. Karen da ke cikin kejin fatake ko kan teburin likita a Bauchi yana cikin irin wannan hali, abin da yake nunawa a wannan sa'a gaskiya ne game da tsoronsa, amma ba cikakkiyar shaida ba ce game da ɗabi'arsa.

Ilimin usulul fiƙhi, wato ƙa'idojin da ake ciro hukunci da su, yana da ma'aunin da ya dace da wannan matsala. Malamansa sun bambanta yaƙini, sanin da babu kokwanto a cikinsa, da rinjayen zato, inda ɗaya daga cikin fuskoki biyu ta fi ƙarfi, sun kuma yarda cewa yawancin ayyuka a kan rinjayen zato ake gina su. Sanin abin da ke cikin kare ba zai taɓa kai yaƙini ba, kamar yadda Thomas Nagel ya nuna a 1974 game da jemage, cewa duk yawan abin da aka sani game da jikin wata halitta ba ya ba da ɗanɗanon yadda rayuwa take a wurinta. To amma ƙarfin zaton da ake buƙata ya danganta da girman abin da za a aikata. Zato mai sauƙi ya isa a ba kare ruwa, a matsar da shi inuwa, a sassauta sarƙa, ko a janye yaro daga gabansa, domin idan an yi kuskure ba a yi asarar komai ba. Duka da kisa kuwa suna buƙatar hujja mai nauyi, tunda kuskure a cikinsu ba ya gyaruwa. An ruwaito cewa an yi umarnin kashe karnuka a Madina sannan aka sassauta, malamai kuma sun yi saɓani kan iyakar abin da ya rage na umarnin, amma Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 1071, ya zaɓi cewa kada a kashe wanda bai cutar da kowa ba. Sannan akwai ƙa'idar da ta ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan ciyar da dabbar da aka tsare da kare ta daga azaba wajibi ne a kan mai ita, kamar yadda hadisin matar da ta tsare kyanwa ya nuna, to sanin alamomin yunwarta da ciwonta da tsoronta ya shiga cikin wajibin. Fiƙihun Malikiyya ya bi wannan hanya a babin lamuni, inda mai kare mai cizo yake ɗaukar nauyin ɓarnarsa idan an riga an gargaɗe shi ko ya san halinsa ya yi sakaci, wato an rataya alhaki a kan sani.

Wuri mafi tsanani da wannan ma'auni yake fuskantar jarrabawa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan babu tsira, saboda haka a nan jinkiri yana iya zama kisa, kuma kare rayuwar mutum yana gaba. Sai dai cutar ita kanta tana rikita karatu, domin tana lalata ƙwaƙwalwa ta rushe tsanin gargaɗin da aka bayyana: wani karen yakan yi ta yawo yana cizon duk abin da ya tarar, muryarsa ta sauya, wani kuma ba ya faɗa ko kaɗan, sai muƙamuƙinsa ya saki, dalala ta riƙa zuba, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya sa hannu a bakinsa. Babbar alama ita ce sauyin hali kwatsam, mai fara'a ya koma mai faɗa ko mai gudun mutane ya koma mai kusantarsu, wannan kuwa ba ya ganuwa sai ga wanda ya san yadda karen yake tun da farko. A gefe guda, ihun mahaukacin kare a unguwa yakan tara matasa da duwatsu a kan dabbar da ƙishirwa ko rauni ko ɓatan hanya ne kawai ya firgita ta, kuma idan aka farfasa kanta aka jefar an rasa hanyar tabbatarwa, tunda a ƙwaƙwalwa ake gwada cutar, a ɗakunan bincike irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda kuma take sarrafa allurar rigakafin karnuka. Tsarin da likitoci suka shimfiɗa ya raba matsalar gida biyu daidai da nauyin kowanne: wanda aka ciza ya wanke ciwon da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a fara masa allura a ranar ba tare da jiran tabbaci ba, shi kuwa karen, idan ana iya kama shi ba tare da haɗari ba, a tsare shi a sa masa ido kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin wanda yake ɗauke da ƙwayar cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon zai nuna alamu ko ya mutu cikin wannan wa'adi.